Waiwaye: babban kunkurun Sahel, daga ramin daji zuwa tsakar gida

Muhawarar da ake yi a Damagaram kan ajiye kunkuru a gida, ko kiyaye shi ake yi ko ƙarar da shi, ta ƙara zafi tun da aka sanya babban kunkurun Sahel cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a 2021, amma tushen maganar ya girmi wannan shekara nesa ba kusa ba.

A bakinmu duk kunkuru ne, in ban da kififiya ta ruwa, alhali masana sun ware wannan babban tun 1779, suka raɗa masa suna sulcata saboda zanen kwari-kwari da ke jikin ƙoƙon bayansa. Ana kuma gane shi da ƙayoyin da ke cinyoyinsa na baya. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da Aldabra, kuma namijin da ya manyanta na iya haura kilo 80. Farin 1973 da na 1984 sun cinye ciyawar da yake rayuwa a kai. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne watan Afrilun 2000, lokacin da taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, a Nairobi ya tsayar da fitar da wanda aka kamo daga daji domin kasuwanci, ya bar ƙofa ga wanda aka ƙyanƙyashe a hannun mutane. Daga ranar darajar kunkuru ta koma kan inda aka ƙyanƙyashe shi, ga shi kuwa ƙoƙon jariri ba ya nuna haka. Ɗan kunkuru na wata biyu bai cika tafin hannu ba, kuma na ramin daji da na bayan rumbu kamarsu ɗaya. Sai shekaru sun ja bambancin ke fitowa: wanda ya tashi a gida da ganyen salat da ragowar tuwo bayansa kan yi tudu-tudu, na daji kuwa sumul yake.

Uwar da ke binne ƙwai a gindin katanga a unguwar Birni ko Zango ta Damagaram, sau da yawa daga jeji aka ɗauko ta tana babba, bayan ta kwashe fiye da shekara 10 kafin ta isa yin ƙwai. 'Ya'yanta na gida ne a idon mai saye, amma a jejin da aka ɗauko ta, kamar yankin duwatsun Termit na gabashin Nijar, an yi asarar uwa guda mai yin ƙwai.