Wayar da kan iyaye kan ciyar da ƙananan yara 'ya'yan itatuwa a Katsina

Wayar da kan iyaye kan abincin ƙananan yara wani sashe ne na kiwon lafiya a matakin farko, inda ake koya wa masu reno abin da ya dace yaro ya ci tun daga haihuwa har shekara biyar. A Jihar Katsina ana yin sa a ƙananan asibitoci ranar awo da ranar rigakafi, da tarukan mata a cikin gidaje, da gidajen rediyo. Ma'aikatan lafiya na gwamnati ne ke gudanar da shi da tallafin UNICEF, asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana jinyar yara masu tamowa a jihar tun 2021.

Tushen karatun shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya: nonon uwa zalla wata 6, ba ruwa ba jiƙo, a kuma bai wa jariri dakashi maimakon a matse a zubar. Daga wata 6 a fara ƙara abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Hukumar ta kasa abincin yaro gida 8, ana so ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla 5 a yini. Biyu daga cikin gidajen nan na 'ya'yan itatuwa ne da ganyaye, su ne kuma suka fi faɗuwa a gidan da koko da tuwo suka zama cimar kullum.

Abin da ya sa aka fi ƙarfafa kayan da ke yayi shi ne araha. Tuffa da inabi na mai hali ne. Mangwaro kuwa in ya faɗo kasuwa da bazara, daga Maris zuwa Yuni, har ruɓewa yake a ƙasa. Shi da gwanda suna ba jiki sinadarin bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa garkuwar jiki. A daidai lokacin ne garin ɗorawa ke fitowa. Farkon damina na 'ya'yan kaɗanya ne, ɗinya ta biyo baya wajen kaka, sanyi kuma ya zo da magarya da kurna da kanya da aduwa. Garin 'ya'yan kuka yana da bitamin C mai yawa, ga shi yana daɗewa a ajiye, don haka ana iya damawa a kunu ko a nono ko da yaushe. Wannan sinadari yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da zogale. Noman rani a madatsun ruwa na Ajiwa da Jibiya da Zobe yana ƙara kankana da karas da tumatir.

Matsalar ita ce yayin mangwaro yana ƙarewa ne gab da lokacin da rumbu ke yin ƙasa, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da gudawa ke ƙaruwa. Shi ya sa ake koya wa mata shanya zogale a inuwa da adana garin 'ya'yan kuka tun da sauran dama. 'Ya'yan itace kaɗai ba sa gina jiki. Sai an haɗa da ƙwai, gyaɗa, waken suya, kifi ko nono.

Akwai camfi da ake fama da su. Wasu na cewa mangwaro ke kawo zazzaɓi, alhali sauro ne ke yaɗa shi. Gudawar da ake gani kuwa yawanci daga ƙuda take da rashin wankewa. Akwai kuma tsohon zancen nan cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Da yake maigida ne ke cefane, kaka kuma ba a ƙetare maganarta kan reno, karatun da ya tsaya kan uwa kaɗai ba ya nisa.

Ana jan kunnen iyaye su wanke hannu da sabulu, su wanke ɗan itacen, su dame shi ko su yanka ƙanana. Ba a miƙa wa ƙaramin yaro magarya ko kurna da ƙwallonta, saboda shaƙewa, yawan aduwa kuma na sa gudawa. Zuma sai bayan shekara ɗaya.

A wuraren taron ana auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 da wani tef mai launi uku: kore lafiya lau, rawaya gargaɗi, ja kuma, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Irin wannan yaro asibiti ake tura shi, a duba shi a kuma ba shi haɗin gyaɗa da madara na musamman da ke cikin 'yar leda.