Masu Tallan Kayan Ƙawa

Mai tallan kayan ƙawa shi ne wanda ake biya, mace ko namiji, ya sanya tufafi ko kayan kwalliya domin mai saye ya ga yadda za su zauna a jikin mutum. Wani a gaban 'yan kallo yake taku, wani hoto ake ɗaukarsa don mujalla, allon talla ko shafin intanet. Hikimar sana'ar ba ta da wuyar ganewa: atamfa a ninke a kanti launinta kawai take nunawa, amma idan aka ɗinka ta aka ga mace a ciki, mai kallo kan fara hango kanta.

A birnin Paris sana'ar ta kafu. Charles Frederick Worth, tela ɗan Ingila da ya buɗe gidan ɗinkinsa a 1858, ya riƙa sa matarsa Marie Vernet ta sanya ɗinkunansa a gaban masu saye, shi ya sa ake kiranta ta farko a wannan aiki. A 1923 John Robert Powers ya buɗe kamfanin dillancin masu talla a New York.

Tun daga nan kamfanoni suka riƙa zaɓen siffa ɗaya suna maimaita ta har ido ya saba da ita. Akwai dalilin kasuwanci: gidan ɗinki kan yi samfuri a awo ɗaya, sai a nemo jikin da zai shiga rigar. A shekarun 1960, zamanin Twiggy ta Ingila, rama ta zama ado. Abin ya yi tsanani har Ana Carolina Reston 'yar Brazil ta rasu a 2006 sakamakon cutar ƙin cin abinci, kuma a shekarar masu shirya bikin nunin tufafi na Madrid suka hana ramammu fiye da kima hawa dandali. Faransa ta wajabta takardar likita, sannan daga 2017 duk hoton talla da aka gyara surar jiki da kwamfuta dole a rubuta hakan a jikinsa.

An daɗe ana ware baƙar fata a wannan sana'a. Sai a 1974 Beverly Johnson ta zama baƙar mace ta farko a bangon mujallar Vogue ta Amurka. Oluchi Onweagba ta Najeriya ta lashe gasar Face of Africa a 1998. Halima Aden, wadda aka haifa a sansanin gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta yi fice da hijabinta, amma a 2020 ta ajiye aikin, ta ce yana cin karo da addininta.

A Zariya da wuya a ga dandalin taku irin na Legas, amma aikin yana gudana ta wasu hanyoyi. Telan Tudun Wada ko mai shagon leshi a kasuwar Sabon Gari kan ɗora hoton wata sanye da kayansa a WhatsApp ko Instagram, galibi ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello daga harabar Samaru ko ta Kongo, wani lokaci a rufe fuskar. Amarya ma tallar mai kwalliya da mai ɗinki take yi ko ba ta sani ba, domin hoton kamu ɗaya kan jawo wa tela aikin ankon biki da yawa. 'Yan fim ɗin Hausa kuwa su ne manyan jakadun shadda, abaya da turare. A ɓangaren maza, babbar riga mai aska takwas ta ɗinkin hannun birnin Zazzau ba ta taɓa buƙatar ɗan talla na haya ba: hakimai da mahaya a hawan Sallah sun wadatar.

Ma'aunin kyau a nan ya sha bamban da na Turai. Bahaushe na yabon wushirya, dogon wuya, dara-daran idanu da jiki mai cika, rama kuwa akan danganta ta da ciwo ko wahala. Saboda haka matsin da hotunan talla ke jawowa ya fi karkata ga hasken fata da ƙiba. Daga nan ne kasuwar man bilicin ta samu gindin zama, wanda wasunsa ke ɗauke da sinadarin hydroquinone ko mercury masu lahani ga fata da ƙoda, har hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa a 2023. Haka ma ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe".

Sana'ar na shan muhawara a Arewa. Rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2002 ya ci rayuka fiye da 200 a Kaduna, aka mayar da gasar Landan. A 2021 Hisbar Kano ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumi wajen baje kaya, kuma a ƙarshen shekarar Shatu Garko 'yar Kano ta zama mai hijabi ta farko da ta lashe gasar Miss Nigeria, abin da ya raba kan jama'a. Daga 1 ga Oktoba 2022, hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya.