Yaushe wanga matsi zai ƙare? Ga amsa sau guda

Jama'a, tambayoyin nan kullum su ne, a majalisa, a tasha, har cikin kasuwar Birnin Kebbi sai an tare ni da su. To ga amsa, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Yaushe matsin rayuwar nan zai ƙare?

Ba mai rana a hannu. Duk wanda ya yanka maka wata da shekara, ƙuri'arka yake nema.

Amma ai an ce tattalin arziki na haɓaka?

A takarda, eh. Wajen masana, sai abin da ƙasa ke samarwa ya ragu zango biyu a jere, wato wata shida, sannan su ce ta shiga karayar tattalin arziki. Haka ta faru 2016 da farashin ɗanyen mai ya faɗi, anka fito 2017, ta sake faruwa 2020 lokacin korona. Abin da ke cin mu tun 2023 tsadar rayuwa ce, kuɗin hannunka ne ya daina sayen abin da yake saye da. Shi ya sa gwamnati ke cewa an samu sauƙi kai kuma kana cewa ina sauƙin yake, kuma kowa a kan gaskiyarsa.

Mi ya jawo?

Kun sani ai. Ran 29 ga Mayu 2023 anka cire tallafin mai, a Yuni anka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mu nan Kebbi anka ƙara mana da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, Kamba ta yi tsit har Maris 2024.

Fetur zai dawo naira 200?

A'a. Cire rai.

Ina da shinkafa shanshera, in sayar yanzu ko in ajiye sai ta yi kuɗi?

Wagga ita ce tambayar da ta dace ku riƙa yi, kuma amsarta ba guda ba ce. A 2024 waɗanda sunka ajiye sun ci riba sosai, sai kowa ya ɗauka haka za ta dinga tafiya, wasu har bashi sunka ci sunka cika sito. To a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafa da masara, kuma da 2025 ta kama farashi ya karye, amma taki bai sauko ba, man injin ban ruwa ma yana nan da tsada, manomin rani a fadamar Argungu ko Suru ya wayi gari buhun da ya noma da tsada yana sayarwa da araha. Don haka fara duba kanka. In da bashi ka yi noman, sayar da abin da zai biya, kada ka zauna bashi na jiranka kana jiran kasuwa. In ba bashi, kuma kana da wurin ajiya mai kyau, buhu bisa katako ba ƙasa ba, ba danshi ba ɓera, to kana iya riƙe wani kaso zuwa damina lokacin da hatsi ya saba yin kuɗi, amma fa na ce ya saba, ban ce dole ba, sanarwa guda daga Abuja ta isa ta juya lissafin. Sai batun tsaro, wanda ke ƙauyukan Danko-Wasagu ko wajajen Augie inda 'yan bindigar Lakurawa ke shigowa, rumbu cike wani lokaci fitina yake jawo mishi, lissafinshi daban da na mutumin Jega. Abu guda dai da ba na ja a kai, ware abincin gidanka na shekara tukuna, shi kada ka taɓa ko nawa anka taya.

An ce hauhawar farashi ta sauka, mi ya sa kaya ba su koma ba?

Haba malam, na sha faɗa. Ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, a Janairun 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sake yadda take lissafi ta koma 24 da ɗoriya. Kamar cikar gulbi ce, ruwa ya rage saurin hawa amma bai janye daga gona ba.

To albashin da anka ƙara fa?

Tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, Kebbi ta sa 75,000. Madalla, amma mutum nawa ke cin albashi a ƙauyenku? Mai kabu-kabu da mai tuyar ƙosai ba wanda ya ƙara musu ko sisi.

Ni dai na gaji, ji nake kamar ni kaɗai na kasa.

Subhanallahi, ɗan'uwa daina faɗin haka. Ba ragwancinka ba ne, magidanta da yawa da kake gani da babbar riga a masallacin Juma'a sun rage tukunya a gida, ba su dai faɗa ba ne. Yi magana da iyalinka su san halin da ake ciki, kada ka ci bashin ruwa don rufa ido.

Zaɓen 2027 zai gyara?

Ka yi katin zaɓe, ka kuma yi noma.