Sunan ƙasa a jikin buhu: abin da dokar NAFDAC ta tanada

A kasuwar Wuse ko ta Utako da ke Abuja, da wuya a gama cinikin shinkafa ba a tambayi daga ina ta zo ba. "Hajiya, wannan 'yar Tailan ce, ba ki da aikin tsince tsakuwa," in ji mai shago, yana buga buhun da tafin hannu. Hajiya ta leƙa, ta ga hoton giwa da sunan ƙasar, ta biya har da ƙari. Wani kuma 'yar gida yake nema ido rufe, don a ganinsa ta waje ta shekara a jirgin ruwa da rumbu. Dukansu da rubutun jikin buhu suka dogara. To wa ya wajabta wannan rubutu, kuma iya ina ya tsaya?

Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da ƙa'idojin rubutun da ake yi a jikin abincin da aka rufe tun daga masana'anta, a gwangwani ne, a leda, a kwali ko a buhu. Dole a ga sunan abincin, da abubuwan da aka haɗa shi da su, da nauyinsa, da ranar da zai lalace, da lambar rajistar hukumar, da suna da adireshin kamfanin da ya yi shi ko ya ɗura shi. Kayan da aka shigo da su kuma sai an faɗi ƙasarsu. Bayanin da Turanci ake son sa, ko da an ƙara wani harshe. Don haka kwalin biskit ɗin da ba komai a jikinsa sai Larabci ko rubutun Sin bai cika ƙa'ida ba, komai kyansa a kanta.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne ma'anar ƙasar asali. A ƙa'idar, wadda ta yi daidai da Codex, wato ma'aunin ingancin abinci na duniya, idan aka sarrafa abinci a wata ƙasa har kamanninsa suka sauya, ƙasar da aka sarrafa shi ita ce asalinsa. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje take zuwa, amma taliyar da aka yi da ita a Legas ko Kano 'yar Najeriya ce a idon doka, kuma kamfanin bai yi wa kowa ƙarya ba. Mai saye da niyyar taimakon manomin Kadawa ko Hadeja sai ya san cewa rubutun masana'anta yake nunawa, ba gona ba. Madarar gari kuwa, wadda sau da yawa ake kawowa a manyan buhuna a ƙuƙƙulla a nan, sai ka juya bayan leda ka karanta ƙananan haruffa, ka ga ko yin ta aka yi a gida ko ɗurawa kawai.

Akwai kuma masu duba lambar nan mai zane-zane da ake haskawa a kanti, su ce in ta fara da 615 kayan Najeriya ne, in 885 na Tailan, in 890 na Indiya. Lambar tana nuna ƙasar da kamfani ya yi rajistarta ne kurum. Kamfanin Abuja na iya yin odar kaya daga Sin ya manna musu 615.

Shinkafa ce ta fi shan wahalar wannan batu. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kafin a fara buɗe su a Disambar 2020, sunan ƙasa ya zama kuɗi. Wasu suka riƙa juye 'yar gida a buhun waje don su tsuga mata farashi, 'yan fasa-ƙwauri kuma suna yin akasin haka don su wuce jami'an kwastam. Duka biyun laifi ne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yi wa kaya bayanin da zai yaudari mai saye, kuma ba ta tsaya kan mai buga buhun ba: ɗan kasuwar da ya san bayanin ƙarya ne ya ci gaba da sayarwa, shi ma ya shiga ciki.

A nawa ganin, babban giɓin yana wajen mudu. Da zarar an farke buhu an zuba a daro, ba sauran rubutun da za a karanta, alhali yawancin mutanen Nyanya da Mararaba da ke gefen Abuja haka suke awo. Nan sai dai idonka da amanar mai awo. Wanda zai ɗauki buhu guda kuwa ya duba ɗinkin baki ko an taɓa kwance shi, ya nemi adireshi da lambar NAFDAC, ya karɓi rasit. In buhun ya saɓa da abin da ke ciki, da shi da rasit ɗin ake zuwa hedikwatar NAFDAC da ke Wuse Zone 7, ko a shigar da ƙorafi a FCCPC.