Samari Biyar na Central Park: Yadda Aka Yanke Hukunci Kafin a Je Kotu

Me ya faru?

A daren 19 ga Afrilu, 1989, an tsinci wata Baturiya mai shekara 28 a lambun shaƙatawa na Central Park a New York, an yi mata fyaɗe da dukan kawo wuƙa. Ta kwana 12 ba ta san inda kanta yake ba, da ta farfaɗo kuma ba ta tuna komai. Aka tuhumi yara biyar 'yan unguwar Harlem masu shekara 14 zuwa 16: Antron McCray, Kevin Richardson, Yusef Salaam, Korey Wise da Raymond Santana. Huɗu baƙar fata, ɗaya ɗan asalin Latin Amurka.

Ina hujjar da aka kama su da ita?

Kusan bakinsu ne kawai. Bayan sa'o'i ana titsiye su, huɗu suka amsa laifi gaban kyamara, daga baya suka janye, suka ce tilasta musu aka yi. Labaran nasu ma ba su zo ɗaya ba, kuma gwajin DNA bai dace da ko ɗayansu ba. Duk da haka a 1990 aka same su da laifi.

Ina launin fata ya shigo?

Tun kafin shari'a jaridu sun riga sun gama da su, har ana kiransu garken kyarkeci. Donald Trump, ɗan kasuwa a lokacin, ya sayi cikakken shafi a jaridu huɗu yana neman a dawo da hukuncin kisa. Makonni biyu bayan harin Central Park aka yi wa wata baƙar fata fyaɗe a Brooklyn, aka jefo ta daga saman bene, amma labarinta bai samu ko kwatar wannan hayaniyar ba. A ganina nan ne batun launi ya fi fitowa fili: wa ake yi wa kuka, wa kuma ake saurin gaskata cewa mugu ne.

Masu fafutuka ne suka wanke su?

A'a. Iyayensu da jaridar baƙar fata ta Amsterdam News sun tsaya musu, amma muryarsu ba ta kai ko'ina ba. Sai a 2002 wani fursuna, Matias Reyes, ya ce shi kaɗai ya aikata. DNA ta gaskata shi, aka soke hukuncin a Disamba. Lokacin Wise ya shafe kusan shekara 13 a kurkuku. Inda fafutuka ta yi tasiri shi ne neman diyya: birnin ya yi ta jan ƙafa sama da shekara goma, sai 2014 ya biya dala miliyan 41, ba tare da amsa kuskure ba.

Maganar ta mutu ke nan?

Ina fa. Wasu tsofaffin jami'an da suka yi binciken har yau suna cewa da hannun yaran. Shi kuwa Yusef Salaam, a 2023 mutanen Harlem suka zaɓe shi ɗan majalisar birnin New York.