Ba fari kaɗai ya busar da fadamun Waza ba

A Marwa ko Kuseri da ke arewacin Kamaru, ka tambayi dattijo me ya kori kifi da ciyawa daga fadamun Waza da Logon, zai ce maka fari ne. An yi fari kam, a shekarun 1970 da 1980. Amma akwai hannun gwamnati a ciki.

A 1979 aka gina madatsar Maga da doguwar ganuwa a gefen kogin Logon domin noman shinkafa na SEMRY, kamfanin gwamnati na bunƙasa noman shinkafa. Ruwan da ya saba malala cikin fadama duk damina sai aka tare shi. Ciyawar da shanu ke dogaro da ita lokacin rani ta mutu, masunta suka rasa kamu, namun dajin Waza suka ragu. Dajin nan kuwa tun 1934 yake ƙarƙashin kariyar doka, ya zama gandun daji na ƙasa a 1968. Wato hukuma na tsaron dabba da hannun dama, tana yanke mata ruwa da hagu.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 1994: da gwamnati da IUCN, ƙungiyar kare muhalli ta duniya, suka buɗe wata mashiga a ganuwar, ruwa ya koma wani sashen fadamar, ciyawa ta farfaɗo, makiyaya da masunta suka dawo.