Me Ke Cin Gada Kafin Ta Karye?

Me ya sa gadoji suka fi karyewa da damina?

Ruwa ta ƙasa yake cin gada. Idan ambaliya ta taso, sai ta riƙa kewaya ginshiƙi tana kwashe yashi da lakar da suka riƙe gindinsa, har ya koma kamar a rataye. A sama kwalta sumul, direba bai ga komai ba, alhali ƙasa ta zama kogo. A 2017 gadar Tatabu da ke hanyar Mokwa zuwa Jebba ta karye bayan mamakon ruwan sama, manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Arewa da Legas suka yi cirko-cirko. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu ɗibar yashi da tifa daf da gada: aikin da ruwa zai shekara goma yana yi, su suke rage masa shi.

To me injiniya ke dubawa?

Ƙarƙashin gada yake shiga da tocila da 'yar guduma. Yana ƙwanƙwasa kankare yana saurare. Inda ya ji amo kamar na fankon gwangwani, ciki ya saki. Jan tabo mai zirarowa a jikin siminti kuwa, rodi ne ke tsatsa. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankaren daga ciki. Kowace tsaga sai ya auna ta, ya rubuta kwanan wata a gefenta, don ya ga ko ta ƙaru in ya dawo. Gindin da ke cikin ruwa kuma sai masu nutso.

Ƙaramar tsaga har ta isa damuwa?

Ƙwarai. A Disamban 1967 gadar Silba da ke kan kogin Ohayo a Amurka ta rufta, mutum 46 suka mutu, sanadin tsaga 'yar mitsitsiya a jikin ƙarfe guda. Bayan nan ne ƙasar ta kafa dokar duba gadojinta, galibi duk shekara 2.

Yaushe ake gyara, yaushe ake sabuwa?

Muddin tushe na da lafiya, gyara ake yi. Akan ɗaga saman gada da jak a sauya matashin roba ko na ƙarfe da take zaune a kai, ko mahaɗan ƙarfen da ke ba ta damar miƙewa in rana ta yi zafi. Irin wannan aikin ya sa aka rufe ɓangaren babbar gadar Legas ta uku, wato Third Mainland, a 2020. In kuma motoci sun fi ƙarfinta, sai a yi mata ƙanwa: gadar Neja ta 1965 tsakanin Asaba da Onica ta samu ta biyu a 2023, mai tsawon kilomita 1.6.

Mu talakawa fa?

A daina jera tireloli masu lodi a kan gada, a daina ƙona shara a ƙarƙashinta, don wuta na gasa kankare. Wanda ya ga ginshiƙi ya tone, ya sanar da Ma'aikatar Ayyuka tun kafin ruwan Agusta.